Lallen Maroko da na bakin gonarmu

A Bagwai da ƙauyukanta biki yana da lokacinsa. Idan gero da dawa suka shiga rumbu, aka sayar da gyaɗa da wake, sai guɗa ta tashi ta ko'ina. Haka ma idan Sha'aban ya kama, kowa na rige-rigen kai 'yarsa ɗaki kafin azumi. Masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Watari su ma idan suka kwashe shinkafa da albasa da tumatir, wani zagayen bukukuwan ya taso. A irin waɗannan ranaku masu sana'a irin tawa ke samun na cefane. Ni mai kwalliyar amare ce. Gadanya, Kiyawa, Romo, Gogori, Rimin Dako, duk na shiga su a bayan ɗan acaba, akwatina a kan cinya, ƙura har cikin kunne.

A birnin Kano na koyo sana'ar, a shagon wata baiwar Allah. Abu biyu na dawo da su gida, akwatin kayan shafa da kuma raini. Akwatin yana da mukulli, rainin kuwa a fili yake, kowa ya gani. A lokacin na ɗauka fuska ba ta yin kyau sai ta yi nisa da kamannin mai ita. Za a kawo min yarinya baƙa mai sheƙi, fatarta sumul, sai in ɗauko fandeshan wanda ya fi ta haske nesa ba kusa ba in lafta mata. In bi da hoda, in goge girar da Allah Ya ba ta in zana wata da jagira, in manna gashin ido na kanti wanda ko ƙifta ido sai ta yi da ƙyar. A hoto abin ya yi. Amma a shigar da ita ɗaki cike da mata cikin zafin Afrilu, babu wuta, babu fanka, sai zufa ta fara saukowa tana yin hanya, fuskar ta koma kamar yaɓen da damina ta tarar bai bushe ba. Fuska fara, wuya baƙi, kunne baƙi. Ni kuma ko a jikina. Cewa nake yi fatar ƙauye ce ba ta karɓar kaya masu tsada, ni da aka yanke wa cibiya a ƙauyen.

Akwai ranar da aka je buɗar kai, wata gwaggon ango ta ɗaga mayafin amarya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Jama'a, wannan ce yarinyar da muka je tambaya?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Wallahi yabo na ɗauki maganar. Har labari na riƙa bayarwa cewa na yi kwalliyar da dangin ango suka kasa gane amarya. Abin da ya fi wannan muni, wanda har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, shi ne yadda nake raɗa wa 'yan mata cewa su ɗan gyara jiki kafin biki don kwalliya ta zauna. Ni da su duk mun san abin da "gyara jiki" ke nufi. Man bilicin nake tura su saye, ba tare da na kira sunansa ba.

Sai kasuwa ta juya. 'Yan matan da ke kallon TikTok da Instagram suka fara cewa su kwalliya mara nauyi suke so, irin wadda za a ga kyau amma a rasa me aka shafa. Ni da ban iya komai ba sai laftawa, hankalina ya tashi. Na duƙufa a waya ina neman salon da ba wanda ya taɓa kawowa yankinmu, har na faɗa kan hotunan matan duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, 'yan ƙabilar Amazik da aka fi sani da Barbar. Idanu sun sha kwalli, kumatu jajur, ga ɗige-ɗige da layuka a haɓa da tsakanin gira, ga azurfa a goshi, ga bargon ulu mai ratsi a kafaɗa. Yawancin hotunan daga garin Imilshil aka ɗauko su, inda ake wani taron aure na shekara-shekara a watan Satumba, can saman duwatsu sama da mita 2,000. Na kwana ina kallo. Kafin asuba na raɗa wa salon suna, "kwalliyar matan duwatsu", har na fara lissafin kuɗin da zan riƙa caja.

Na samu wata mai saida kaya ta intanet ta haɗo min su. Akwai gasul, wata laka da ake haƙowa a duwatsun Atlas ana wanke fuska da gashi da ita. Akwai akar fasi, jan shafi da ake yi da furen wani tsiro da ɓawon rumman, a busar da shi a cikin ɗan kasko, sai a jiƙa yatsa a dangwala. Akwai man argan, daga bishiyar da ke fitowa a kudu maso yammacin Maroko. Sai kwalli a kwalba, da garin lalle a kwali mai rubutun Faransanci da Larabci. Jarin da na tara na kakar bikin nan duka a can ya tafi, ban kuma faɗa wa maigidana gaskiyar kuɗin ba.

A fuskar ƙanwata na fara gwadawa. Na dangwala mata ja a kumatu, na ja mata layi daga leɓe zuwa haɓa, na jera ɗigo uku a goshi. Ta fito tsakar gida tana yanga, yayanmu ya ɗago kai daga alwala ya ce, "Ke, wa ya mare ki?" Abin da ban lura da shi a hoto ba shi ne, jan kumatun matan can rabinsa na sanyi ne. Mutanen da dusar ƙanƙara ke sauka a ƙofar gidansu, waɗanda dutsen Tubkal mai tsawon mita 4,167 ke ƙasarsu, iska ce ke fara jajanta musu fuska kafin a zo ga shafi, ga shi kuma launin fatarsu daban da namu. Layin haɓar nan da na zana da jagira kuwa, ashe a wurinsu zane ne na dindindin da ake yi da allura, yana nuna dangi ko matsayin mace, kuma yawanci a fuskar tsofaffi ya rage don 'yan baya sun bar shi. Wato na kwaso tsagar gidan wasu na ɗora wa ƙanwata. Ni ɗin nan da ke yi wa masu bille da kalangu da 'yar baka kallon mutanen da, ni ce nake zana tsagar Barbar ina kiran ta sabon yayi.

Duk wannan bai sa na farka ba. Kakata ce ta farkar da ni, ita ma ba da niyya ba.

Ina zaune a ɗakinta ina ɓare kwalin lallen, ta ce, "Ke kishiya, me kike ta ɓoye-ɓoye a leda?" Na ce, "Iya, kaya ne daga Maroko, ba irin naku ba ne." Ta miƙo hannu. Ta ɗebi garin da yatsu biyu ta murza, ta kai hanci, ta ɗan jiƙa shi ta goga a tafin hannunta, ta karkata wajen hasken ƙofa. Ta ce, "Lalle ne. Kuma ya kwana biyu, ƙamshinsa duk ya gudu. Nawa kika saya?" Na faɗi rabin kuɗin. Ta saki salati, ta tafa hannu, ta sake salati. Sannan ta ce, "Shingen nan da kike tsallakewa in za ki gonar kakanki, kina cewa yana kama miki zani, menene shi?"

Na yi shiru. Na san amsar, kawai dai ban taɓa haɗa abin da ke cikin kwali da abin da ke bakin gona ba. A ƙasarmu gona manne take da gona, ba a barin ko taku ɗaya ya tafi a banza, iyaka ma sai an dasa mata abin amfani: gamba don zana da jinka, wani wurin kuma lalle. Shekara da shekaru yana nan, a yanke shi ya sake tofowa, a shanya, a kakkaɓe ganyen, 'yan kasuwa su bi ƙauye su saya buhu-buhu su kai birni. Tun ina rarrafe nake wucewa ta gefensa. Sai da aka zuba irinsa a kwali, aka rubuta masa Faransanci, aka tsuga min kuɗi, sannan na ga darajarsa. Ban taɓa jin na zama ƙarama irin na wannan yammacin ba, kuma tsohuwar ba ta ma san ta yi min komai ba, ita takaicin kuɗin kawai take ji.

Ta sa aka sauko mata da wata tsohuwar kwalla daga saman jere. A ciki akwai ɗan tandun kwalli na fata, aikin dukawa, ya yi baƙi ya yi santsi saboda shan hannu. Akwai curin shuni da take cewa da shi da man shanu suke shafe kitso har ya riƙa ɗaukar ido. Akwai busasshen ɗan katambiri, wanda ruwansa suke zana layi da ɗigo a fuska, ya yi baƙi-shuɗi ya kwana biyu bai goge ba. Ta ba ni labarin furen taba da ake goga wa haƙora a bi da goro har baki ya yi ja. Sai ta nuna wata doguwar ƙwarya da ke rataye a bango, wadda na sha cewa a jefar da ita don tarkace ne. Zunguru ne. A kwaɓa lalle a zuba a ciki, mace ta zura hannunta har kusan gwiwar hannu, a toshe bakin da tsumma, ta kwana a haka. Ƙafa kuma a naɗe ta da ganye a ɗaure. Idan ana son ya yi duhu sai a maimaita washegari. Duk abin da na gani a hoton Imilshil, na ido da na hannu da na leɓe da na haɓa, akwai ɗan'uwansa a cikin kwallar nan.

Da na nuna mata hotunan a waya, ba su ba ta mamaki ba. Ta ce ai sun yi kama da Buzaye. Ta ce tana yarinya ayarin raƙuma na saukowa daga Azbin da gishiri da dabino, su koma da gero da baƙin yadi. Wannan magana ta sa na je na bincika, na tarar gaskiya ta faɗa har da ƙari. Azbin ma ƙasar duwatsu ce, arewa da Agadas a Nijar, kuma rawani da mayafin nan masu sheƙi da Buzaye ke ji da su, waɗanda shuninsu ke zuba a fata har Turawa suke kiran su shuɗɗan mutane, a ƙasar Kano ake rina su a buge su, musamman a garin Kura. Baturen nan Barth da ya iso Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke ratsa Sahara. Marinar Ƙofar Mata kuwa ana cewa tun 1498 take. Ashe mutanen duwatsun da suka fi kusa da mu, wani ɓangare na adonsu daga wurinmu suke saye, ni kuma na tsallake su na tafi Maroko ta waya.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa lalle cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, ciki har da Maroko da Sudan da Masar. Babu Najeriya a ciki. Da na ji sai na ce ba ni da bakin ƙorafi, tunda ni ma sai da nasu na fara yarda.

Abin da na fahimta a nan shi ne, macen Atlas ba ta zauna ta tsara salo ba. Ta duba abin da ke fitowa a bayan gidanta da abin da iskar garinta ke yi wa fatarta, ta haɗa su. Argan ke gare ta, ta shafa argan. Mu kaɗanya gare mu, ga man kaɗe a kowace kasuwa, ga hunturu mai fasa leɓe da dunduniya wanda man kaɗen ne maganinsa. Na kwafi hoton, na bar dabarar. Na tabbata akwai masu karanta wannan da ke da irin kwalina a ɗaki, ko da ba na lalle ba ne.

Da a nan labarin ya tsaya da na ji daɗi, don labari ne mai daɗin bayarwa, jika ta raina kaka, kaka ta yi nasara. Amma wautata ta biyu ta fi ta farko tsada, kuma ba ni na biya ba.

Na juya gaba ɗaya na zama mai wa'azin gargajiya. Komai na da lafiya ne, komai na kanti guba ne. Na koyi dilka da halawa, waɗanda su ma ta Sudan da Borno suka iso mana, na haɗa da turaren wuta da humra, na ƙara da ƙunshi. Kasuwa ta buɗe. To amma amaren yanzu ba jan tafin hannu kaɗai suke so ba, zanen fulawa suke so baƙi wuluk tun daga yatsu har damtse, kuma ba mai haƙurin zaman yini. Sai na yi abin da kowa ke yi, na koma ga dayis. Ɗan garin rinin gashi ne a ƙaramar kwalba ko fakiti, a kwaɓa da ruwan haidurojin, a zuba a leda a huda baki a yi zane. Kafin awa guda ya kama. Kowa baƙin lalle yake ce masa, ni ma na bi, har na yarda da bakina.

Wata amarya aka kira ni yi wa a wani ƙauye ta hayin ruwa. Kafin in fara, mahaifiyarta ta leƙo ta ce, "'Yar nan, ba dai mai ƙunar nan ba ne ko? Fatarta ba ta son abubuwa." Na ce, "Haba Umma, lalle ne zalla, na gargajiya." Kwalbar tana cikin jakata a lokacin da nake faɗin haka. Na zana mata fulawa mai kyau, har hoto na ɗauka na ɗora a waya. Aka sha biki, aka kai amarya.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko in zo. Na same ta a ɗakinta na aure, kayan jere na ta ƙyalli, ita kuma ta ɗora hannuwa a kan filo don ko zani ba ta son ya taɓa su. Duk inda na bi da zane ya tashi. Kowane ganye, kowane ɗigo, kowane lanƙwasa ya zama ƙuraje masu ruwa, jere a kan layin da na ja, babu wanda ya kauce. Akwai wani wuri a wuyan hannunta na hagu inda hannuna ya ɗan goce na gyara da ƙarin ɗigo, shi ma yana nan ya kumbura. Aikina ne tsaf, ba yadda zan ce na wani ne. Yarinyar da ya kamata a ce tana girkin farko a gidan miji, ko cokali ba ta iya riƙewa, ga dangin miji na shigowa suna leƙe suna fita da magana. Ta ɗago ta gaishe ni da ladabi, "Anti, sannu da zuwa," wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. Uwar ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Na tambaye ki fa."

Na biya kuɗin magani, na nemi gafara, suka ce sun yafe. Tabon ya daɗe bai ɓace ba.

Sai bayan wannan na zauna na karanta abin da ya kamata in sani tun kafin in taɓa fatar wani. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Launinsa daga ruwan goro ne zuwa ja mai duhu, kuma sai ya ɗauki awanni kafin sinadarin da ke cikinsa ya kama fata. Abin da ke sa dayis baƙi da saurin kamawa wani sinadari ne da ake kira PPD, na rinin gashi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi kai tsaye a fata ba. Ba kowa yake ƙonawa ba, shi ya sa muke samun bakin cewa ai wance ta yi lafiya ƙalau. Wadda jikinta ya ƙi shi kuma, ba lallai a gani a ranar ba, yana iya ɗaukar kwanaki har sama da mako. Idan jiki ya riga ya tsane shi, to ya tsane shi ke nan, nan gaba ko rinin gashi ta yi abin na iya tashi fiye da na farko. Na bar wa yarinyar nan abin da za ta yi ta kaffa-kaffa da shi tsawon rayuwarta, saboda in samu hoton ɗorawa a waya.

Dayis dai ba na gargajiya ba ne, ƙarya na yi masa. Kwalli kuwa na gargajiya ne na gaske, shi ya sa maganarsa ta fi yi min wuyar haɗiya. Da na haihu, tun kafin suna ake ranbaɗa wa yaron kwalli, yadda aka yi min, aka yi wa uwata. Ni da kaina na sayo dutsen wurin 'yan koli, na zaɓi mai nauyi mai walƙiya, na niƙa shi lukui na cika tandun Iya. Ranar da na kai shi rigakafi, malamar asibiti ta dube shi ta ce, "Maman yaro, kwallin nan na dutse ne?" Na ce, cike da alfahari, "Na asali ne, ni na niƙa." Ta ce, "To dalma kike sa masa." Na yi mata musu, har na ce a raina 'yan boko ba su da aiki sai kushe kayan iyaye.

Na dawo gida na bincika don in ƙaryata ta, sai na ƙaryata kaina. Dutsen nan mai walƙiya ma'adinin dalma ne, irin wanda ake haƙowa a Zurak ta ƙaramar hukumar Wase da kuma yankin Abakaliki. Nauyin da nake nema a hannu, nauyin dalmar ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, suka bi diddigi suka tarar daga kwallin da ake sa masa ne. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta wallafa rahoton a 2012. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga. Ba ta sa zazzaɓi balle a farga, ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jiki da aka san ba ya cutarwa. Mu 'yan Arewa ba baƙin sunan gubar dalma ba ne. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Tasu daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta fito, kuma yawanta ya wuce na kwalli nesa, amma gubar ɗaya ce.

Na je wa Iya da maganar. Ta ce, "Mu da aka sa mana, me ya same mu? Ga ni nan ina zura zare a allura." Na ce, "Iya, cutar ba a ido take nunawa ba." Ta ce kuma ai sa kwalli sunna ne. Na ce ban musa ba, malamai suna ambaton ismidi, amma dutsen da ke kan tiren ɗan koli ba shi da takardar da ta ce shi ne. Ta juya min baya ta ce jiya na raina kayanta, yau kuma na ce guba ne, in tsaya wuri ɗaya mana. Ban ga laifinta ba. Har yanzu tana sa abinta, na daina yi mata magana a kan idonta. Idon ɗana kuwa na hana, duk da surutun da na sha a gidanmu da gidan surukai.

Matar da ta fi ni gaskiya a kan lalle ita ce ta yi kuskure a kan kwalli, ni kuma na yi kuskure a kan duka biyun, da farko don raini, daga baya don zaƙewa. A duka lokutan suna nake bi. In an ce daga waje ne in yarda, in an ce na gargajiya ne in yarda, ban taɓa tambayar me ke ciki ba.

Yanzu aikina ya ragu da ado, ya ƙaru da lokaci. Ina fito da amarya bakin ƙofa in gwada fandeshan a gefen muƙamuƙinta da hasken rana, wanda ya ɓace a fatarta shi nake ɗauka, in shafa kaɗan inda ake buƙata. Man kaɗe ɗan mitsitsi a leɓe da busassun wurare, hoda sama-sama, gira in bi ta yadda take. Kayan kanti ne mafi yawansu, kuma ina faɗa cewa na kanti ne. Lalle daga bakin gona nake yankowa, in shanya a inuwa don kada rana ta cinye ƙarfinsa, in daka, in tankaɗe da ƙyalle mai laushi har sai babu tsinke ko ɗaya da zai toshe bakin leda. In kwaɓa da ruwan ɗumi da lemon tsami, in rufe ya huta, sannan a zana ko a yi na salatif. Amarya za ta zauna awanni, ranar farko ya fito ruwan goro, kafin ɗaurin aure ya nuna ya yi duhu. Wasu da suka ji babu baƙi sun koma wurin wasu, kuma kuɗin da nake samu bai kai na da ba.

Masu zuwa min da kumatu a ƙone da gaɓoɓin yatsu baƙi saboda bilicin suna nan da yawa, wasunsu ma ƙannen waɗanda na taɓa yi wa raɗa ne. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man hasken fata, kuma a Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa. Masu haɗa man yanzu sun koyi sabon baki, a robar da babu rubutun komai sai su ce haɗin gargajiya ne, kurkur ne da zuma da madara. Na gane wannan bakin sarai, da shi na amsa wa uwar amaryar nan.

Iyaye mata da 'yan matan da ke shirin biki a kakar nan, idan mai ƙunshi ta zo, ku ce ta nuna muku abin da za ta kwaɓa tun yana gari, da kwalbar da ya fito. Lalle kore ne, yana ƙamshin ganye, kuma ba ya kamawa baƙi cikin awa guda. Idan ta ƙi nunawa, ko da ni ce, ku janye hannun 'yarku.